Sawun da Hajo ta Ƙulle

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da Almu ya fita daga gida ta ƙofar baya, wadda awaki ke bi. Inda za shi ba nisa. Daga ƙauyensu da ke ƙasar Tama zuwa gindin aduwar da 'yan moto, masu haya da babur, ke tsayawa, tafiya ce da mutum zai yi ya komo tuwo bai huce ba. A aljihun rigarsa akwai wani ƙulli na tsumma, bai fi ƙwan zabo ba. Sato shi ya yi daga jinkar ɗakin uwarsa, lokacin da ta shiga bayan gida yin alwala.

A Adar, ƙasar da maza ba su cika zama gida ba, tsofaffin mata suna da wata dabara. In ɗa zai yi tafiya mai nisa, uwa takan raka shi bakin hanya. Da ya ba da baya sai ta duƙa ta ɗebi ƙasar sawun ƙafarsa ta dama, ta ƙulle a tsumma, ta ɓoye. Muddin ƙullin yana nan, ƙafar za ta nemo gida. Ranar da matafiyi ya dawo, sai a kwance a zubar a bakin ƙofa. In kuwa labarin mutuwarsa ne ya zo, wani daga cikin gidan zai mai da ƙasar inda aka ɗebo ta, ya kira sunan mai ita, ya ce an sallame shi, ya juyo gida ba waiwaye. Malamai suna hanawa. Tsofaffi suna yi.

Wannan ƙulli na Mahamud ne, ƙanen Almu, autan Hajo. Soja ne. Zuwansa na ƙarshe ya zo hutu tare da wani abokin aikinsa, dogo, mutumin bakin gulbi, suka yi 'yan kwanaki suna shan fura suna dariya da yara. Hajo ta raka su har gindin aduwa, ta tsaya suka hau moto, sannan ta duƙa ta yi abin da uwarta ta koya mata. Ba a daɗe ba wasu masu kaki suka zo tare da maigari. An kai wa sansaninsu hari can yamma, wajen iyaka. Mahamud yana cikin waɗanda suka kwanta, shi da abokin nan nasa, kuma an riga an rufe su tare da sauran. Abin da ya iso gida hularsa ce kawai.

Tun daga ranar Almu bai sami abin da kowane mai mutuwa ke samu ba. Ya shimfiɗa tabarmin gaisuwa a ƙofar gida, Hajo ta fito ta naɗe su, mutane na zaune a kai. Sadakar uku ta wuce, ta bakwai ta wuce, ta arba'in ta wuce, ba a girka komi ba. Duk wanda ya ce mata Allah Ya jiƙan Mahamud, sai ta ce masa Allah Ya jiƙan nasa uban. Mutane suka gaji suka daina zuwa. Daga baya ma suka daina ambatonsa. Yaron da ya mutu yana tsaron ƙasa ya zama wanda ake sauya zance in an kusa kansa.

Almu ya yi lallashi har bakinsa ya bushe.

"Inna, shekara ta kusa zagayowa. Ko gumba ba mu raba mashi ba."

"Gumbar wa?"

"Kin san ta wa."

"Ka ga gawa?"

"Ban gani ba."

"Ka ga kabari?"

"Inna, sun ce..."

"Sun ce! To mi kake so in yi ma sadaka, hula?" Ta ci gaba da tankaɗe ba ta ko dube shi ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, da yake shi ne ɗan fari. "Kai dai ka ƙosa ka haɗa gonatai da taka. Sawunai na wurina. Shina tahe."

Maganar gona ta fi mari zafi. Shi Almu ya nome gonar, shi ya girbe ta, ya zuba hatsin a rumbu dabam, bai taɓa ko zangarniya ba.

Da kaka ta yi nisa sai abin ya sauya kama. Hajo ta fara cewa tana jin takunsa da almuru. Da fari daga kan dutse. Daga baya wajen rijiya. Ta shiga dama fura tana ajiye ƙwarya a bakin ƙofa. Almu ya ɗauka tsufa ne da baƙin ciki, sai da makiyaya suka daina biyo da shanu ta gefen gidansu, suka ce dabbobin suna turjewa. Matarsa Mariyatu ta kwashi yara ta tafi gidansu, ta ce ita ba ta kwana gidan da ake ajiye wa abin da ba a gani fura. Wata safiya ya fito da buta, ya tarar da sawu a rairayin bakin rumbu. Sawun babban takalmin soja ne, mai haƙora. Yana fuskantar gida. Babu sawun komawa.

Washegari sawun yana bakin zaure.

Hajo ta kifa ƙwarya a kansa don kada kaji su ɓata. Almu ya dubi fuskarta, ya ga murna, ya san ba sauran magana.

Shi ya sa yake kan hanya a lokacin da ake kiran yara su shigo gida.

Hanyar ta ratsa gonaki. An yanke hatsi, karan yana tsaye ba kai, iska na kaɗa busassun ganye. Yana jin ƙamshin hayaƙin girki daga baya, da warin kashin shanu, da sakan wata mata da ta makara. Gyare sun fara kuka. Yana tafe yana cizon leɓe. Ba tsoro yake ji ba tukuna, haushi ne. Mutum da furfura a gemu ya zama ɓarawon tsumma a ɗakin uwarsa, don kawai a ce wa ƙanensa Allah Ya jiƙansa.

Ya gangara cikin busasshiyar korama, rairayi ya cika masa takalman roba. Ya hau ɗaya gefen, inda ƙasa ta koma jan tsakuwa.

A nan gyare suka yi shiru.

Ba su rage ba. Sun ɗauke ne gaba ɗaya, kamar an rufe su da tukunya. Sakan ma ya tsaya. Iska ta kwanta.

Sai ya ji taku.

Ƙaras. Ƙaras.

Daga baya yake zuwa, daga wajen gari. Taku ne mai nauyi, daidai wa daida, na ƙafar da aka koya wa tafiya. Ba mai irin wannan takalmi a ƙauyen.

Almu ya tsaya. Takun ya tsaya.

Ya ɗaga ƙafa. Ƙaras.

Ƙullin ya yi sanyi a aljihunsa, sanyin ya ratsa riga ya taɓa cinya. Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu. Tun yana ƙarami ya haddace ta, amma yau da ya kai tsakiya sai ya tsinci kansa a farko.

Wari ya iso shi. Albarushi ne, da ƙonanniyar taya. A ƙarƙashinsu akwai wani abu da bai dace da wurin ba, warin laka ta bakin ruwa, da ɗanyen kifi. Nan tudun duwatsu ne. Ko rijiya sai an sha haƙa kafin a ga danshi.

Bai waiwaya ba.

Aduwar ta bayyana baƙa ƙirin a gaban jan sama. Ba moto, ba mutum. Sai tsohon bencin da fasinja ke zama, da ɓawon gyaɗa. Ya san wurin, domin ranar rakiyar yana tsaye riƙe da jakar Mahamud. Ya durƙusa gab da saiwar da ta fito waje. Ya ciro ƙullin.

Takun ya matso. Ya tsaya.

Ƙullin Hajo ne, irin wanda take yi wa bakin buhun iri. Hayaƙin jinka ya mai da shi baƙi, ya ƙanƙame. Almu ya ja, ya ƙi kwancewa. Ya sa haƙori. Bakinsa ya cika da ɗanɗanon laka.

Tsumman ya buɗe. Ƙasar jiƙe take sharkaf.

Ya yi magana a hankali.

"Mahamud ɗan Hajo, mun sallame ka. Koma inda Allah Ya aje ka."

Ya kifa tsumman. Ƙasar ta ƙi zuba. Ya girgiza. Ta manne kamar ƙullun tuwo.

Wani numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa.

"Ba shi ba ne."

Raɗa ce. Hausar a karkace take, irin ta wanda ya koya da girma. Ba muryar Mahamud ba ce. Almu zai gane muryar ƙanensa ko cikin kasuwar Madawa.

"Ba garinmu ba ne nan," in ji muryar. "Na yi ta tafiya. Ban san kowa ba. Wa ya kira ni?"

Idon Almu yana kan ƙasa, a nan ya ga abin da ya faru kamar yanzu ake yi. Samari biyu tsaye a gindin itacen nan, kaki iri ɗaya, takalmi iri ɗaya. Sun zaga moto, sun ɗaura kaya, sun taka nan sun taka can. Tsohuwa ta duƙa, idonta cike da hawaye. Da ƙafa ce tsirara, da ta gane ta ɗanta cikin dubu. Amma takalmin gwamnati bai san ɗan kowa ba.

"Sake ni," in ji muryar.

"Na... na sallame ka."

"Da sunana."

Almu ya buɗe baki. Ba komi a ciki. Mutumin ya kwana a zaurensu, ya ci tuwo a akushi ɗaya da shi, ya gyara masa rediyo. Yana tuna tsawonsa, da wushiryarsa, da yadda yake cewa ruwansu ya fi nasu daɗi. Suna kuwa babu.

"Faɗa mani kai," ya ce.



"Na manta. Tun da na kama hanya ba wanda ya kira ni."

Hannu ya dafa kafaɗarsa ta hagu. Jiƙaƙƙe ne, mai nauyi kamar buhun yashi. Sanyin ya gangara ƙirji.

"Faruƙ?" in ji Almu.

Yatsun suka matse.

"Walid? Kalla?"

Ƙaras. Takalmin ya taɓa tafin ƙafarsa.

Numfashinsa ya fara guntulewa. Ruwa yake ji a maƙogwaro, a hanci, a kunne. Jan sama ya dushe. Yana nutsewa a kan busasshen tudu, hannunsa riƙe da tsumma.

Me yara suke ce masa? Ba su kira shi da suna ba. Mariyatu ma ba ta kira ba. Me ya sa?

Sai ya ga Hajo a ranar zuwansu. Mahamud ya gabatar da baƙo, ita kuwa ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Wanga suna ba ya hita bakina, in ji ta. Daga nan ta dinga ce masa Maigida. Yara suka dinga ce masa Kaka. Shi kansa Almu, Baba yake ce masa, da wasa.

Sunan mahaifinsu ne.

Sunan da ba a furtawa a gidan tun kafin a haife shi. Tsohon ya daɗe da rasuwa, amma ko a ofis aka tambaya, sai Almu ya sa wani ya faɗa. Harshensa bai san hanyar sunan ba. Ko a wannan hali sai da kunya ta riƙe shi, kamar tsohon yana zaune a kan bencin yana kallonsa.

Ruwa ya rufe masa ido.

"Abdulƙadir!"

Da tari ya fito.

"Abdulƙadir, mun sallame ka! Yahe muna. Tahi gida."

Ƙasar ta zube. Busasshiya, shar, kamar gero daga mudu.

Hannun ya daɗe bai ɗaga ba. Sannan ya saki. Almu ya ji an ja dogon numfashi a bayansa, irin na wanda ya sauke kaya. Takalmin ya juya a kan tsakuwa.

Ƙaras. Ƙaras.

Ya nufi yamma.

Almu bai san yadda ya ƙetare koramar ba. Ya faɗi, ya tashi, ya bar takalmi ɗaya a rairayi. Sai da ya ji kiran sallar magariba da kukan gyare sannan ya gane yana da rai. Ya durƙusa a bakin gona ya yi amai. Ruwa ne zalla, mai laka.

Hajo tana zaune a bakin zaure, ƙwaryar fura a gabanta. Ta riga ta duba jinka. Bai taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Ina shi?"

Ya miƙa mata tsumman, ba komi a ciki.

"Ka kashe mani ɗa," ta ce a hankali. "Jiya shina bakin zauren ga. Yau da ya shigo."

"Ba shi na ba, Inna."

"Rufa mani baki."

"Maigida na. Baƙon da sunka zo tare. Sawunai kinka ɗiba."

"Ƙarya kake! Uwa ba ta ɓata sawun ɗanta."

"Takalminsu iri guda na."

Ta ɗaga hannu za ta mare shi. Hannun ya sauka a kafaɗarsa ta hagu, ya tsaya can. Rigar a jiƙe take. Ta kai yatsunta hanci ta sansana. Almu yana kallo fuskarta ta saki kaɗan kaɗan, kamar bangon laka da ruwa ya ci gindinsa.

"Guda biyu na gani," ta ce, ba da shi take ba. "Kusa da juna. Na ɗauki wanda ya hi nutsewa. Na ce nawa ya yi ƙiba, na ciyar da shi da kyau."

Ta zauna. An idar da salla a masallaci, ba wanda ya motsa a cikinsu.

"To nawa hwa?" ta ce. "Duk kwanakin ga ɗan wata nike kira. Nawa ko sau guda ban kira shi ba. Shina can shina jira, bai ji kowa ba."

Almu ya duƙa. Ya ɗauke ƙwaryar ya zuba wa akuya, akuyar ta sansana ta kau da kai.

Da gari ya waye Hajo da kanta ta jawo tabarmin daga bayan rumbu, ta jefa masa a gaba.

Ranar Juma'a aka yi sadakar. An buɗe rumbun Mahamud, aka daka gumba, aka toya waina. Liman ya ce matacce ba ya dawowa, abin da Almu ya gamu da shi aljani ne da ya sami sawu a buɗe ya shiga, ya kuma ja kunnen mata a kan ƙulle-ƙulle. Duk da haka da Almu ya roƙe shi, ya sa suna biyu a addu'a. Mutane ba su zo da yawa ba. Samari sun fara tafiya cin rani, masu lambu suna dashen albasa a fadama. Waɗanda suka zo suka shafa fatiha, suka cusa gumba a aljihu, suka shiga zancen kuɗin taki. Wani dattijo ya tambayi na kusa da shi wane ne ma ya mutu. Kafin hantsi ya yi zafi an watse. Almu ya tsaya shi kaɗai yana naɗe tabarmi, yana duban abin da ya yi kusan shekara yana faɗa a kansa.

Ya yi cigiyar dangin baƙon wurin duk wanda ya san soja. Ba wanda ya san garinsu. Mutumin bakin gulbi ne, shi ke nan, gulbi kuwa dogo ne.

Shanu sun koma bin gefen gidan. Mariyatu ta dawo da yara. Kafaɗar Almu ta hagu ba ta sake ɗumi ba, ko cikin bazara sai ya yafa mata mayafi, kuma ba ya iya ɗaga kalme, fartanyar nomansa, da wannan hannun sama da ƙirji.

Hajo yanzu takan ce marigayi. Amma har yau da almuru takan jawo kujerarta bakin zaure, ta karkata kunne wajen dutse. Ba fura, ba ƙulli. Wani maraice Almu ya dawo daga gona ya tarar da ita, ya ce ta shigo, sauro ya fito.

Ba ta juyo ba.

"Ka yi daidai," ta ce. "Kowa ya ce ka yi daidai. Amma da, ko baƙo na, ina jin tahiyar wani shina nuho ni. Yanzu saurara ka ji abin da ka bar mani."

Almu ya saurara. Ba komi a hanyar.